Da Tauri ko da Laushi

Abubuwa da yawa sun same ni a shekaru huɗun da na yi a Doha, waɗanda yanzu sai wani ya tuna mini nake tuna su. Amma wani yammacin Juma'a da na zauna gaban kwanon taliya a wani ɗan shago a Wakrah, wannan kam ko tsufa ya fara ruɗa ni ba na jin zai fita daga raina.

A lokacin gadi nake yi a ƙofar wani rukunin gidaje a Thumama, ina ɗaga wa motoci sanda daga safe zuwa yamma. Ina bakin aikin nan Inna ta rasu a Funtuwa. Ba a yarda mu riƙe waya a wurin aiki ba, don haka kafin in tashi in ga kiran ƙanwata har an kai Inna makwancinta. Ban yi kuka ba. Ni bakina ne ya mutu. Duk abin da na sa sai in ji kamar auduga nake taunawa. Shinkafar da kamfani ke kawo mana a mazubin roba, in buɗe, in duba, in rufe. Shayi kaɗai ke wucewa. Wata Laraba jiri ya kwashe ni, na zube a bakin ƙofa gaban motar wani mai gida. Shugabanmu bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi in aka sake, khalas, sai tikitin gida. Ga ƙanne uku da ba su da wanda suke kallo sai ni.

Ɗakinmu ɗaya da wani dattijo ɗan Zangon Kumasi, direban motar 'yan makaranta, Yaya nake ce masa. Bai taɓa ce mini in daure in ci ba, kallona kawai yake yi. Ran Juma'a muna fitowa daga masallaci ya kama hannun rigata. "Yalla, ƙanena, raka ni. Akwai wani tsoho da nake so ka gani."

Lokacin sanyi ne, an kuma wuni ana yayyafi, abin da ba kasafai garin ke gani ba. Muka hau jirgin ƙasa, na jingina kai da gilashi ina kallon benaye suna narkewa cikin ruwa. Shagon yana wani lungu, tsakanin mai wanki da guga da wani mai aski. An rataya shuɗin ƙyalle a ƙofar, sai ka sunkuya ka ture shi kafin ka shiga. Ciki kuwa tururi ne ya lulluɓe ko'ina. Wani dogon katako da kujeru takwas, fitilu masu launin zuma suna reto a sama kamar ƙoren da aka kife, ga wani kiɗan tsirkiya can ƙasa-ƙasa da ban san daga ina yake fitowa ba. Bayan katakon wani tsoho ne ɗan Japan, ɗan siriri, ya ɗaure kai da farin ƙyalle. Ya ɗaga murya ya yi mana maraba da yarensu.

Na matsa kusa da Yaya na ce a hankali, "Mutanen nan ba alade suke ci ba?"

Ya yi dariya. "A garin nan? Kaza ce zalla, tun asuba yake dafa ƙashinta. Ramen suke ce wa abin, taliya ce cikin romo. Na daɗe ina zuwa, zauna."

Tsohon ya turo mini takarda mai hotuna. Na ɗora yatsa kan na farko don a rabu da ni, na ɗauka an gama. Ashe yanzu aka fara. Da gurguwar Turancinsa ya tambaye ni romo mai kauri ko tsararo. Na ce ko wanne. A sa ƙwai? Ko yaya. Yaji fa? Duk ɗaya. Na waiwayi Yaya ya taimake ni, shi kuwa ya ƙura wa fitila ido kamar bai taɓa ganina ba.

Sai tsohon ya ajiye ludayinsa, ya goge hannu, ya zo ya tsaya daidai gabana.

"Taliyar, da tauri ko da laushi?"

"Ko wacce," na ce.

Ya girgiza kai. "Ba ni zan ci ba. Kai za ka ci. Yaya kake so?"

Ya tsaya yana jira, tukunya na tafasa a bayansa, ko gezau. Har yau ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Abin da na sani, tun da na sauka a ƙasar nan ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar. Rigar aiki miƙo mini aka yi, gado nuna mini aka yi, abinci ajiye mini ake yi. Ina neman wanda ya yi mini ita na ƙarshe, sai na ga tsakar gidanmu cikin tururin nan, fes. Taliyar murji a shanye kan igiya, Inna a tsugune gaban murhu, ta ciro zare ɗaya da ludayi ta hura shi ta ɗora mini a tafin hannu. "Ta yi maka, ko a ƙara mata wuta?" Kullum sai in ce a ƙara. Ƙannena su yi ta mitar cewa saboda ni ake mayar musu da taliya kunu.

"Da laushi," na ce, muryar kamar ba tawa ba. "Sosai."

Ya sunkuyar da kai kamar wanda aka ba amana, ya koma bakin tukunyarsa.

Kwanon da ya ajiye mini baƙi ne, mai zurfi. Romon kamar ruwan zinare, ɗigon mai na yawo a samansa, ga rabin ƙwai da gwaiduwarsa ba ta daskare ba, yankan kaza biyu, lawashi, da wani baƙin ganye mai kama da takarda a jingine a gefe. Na kama tsinkayen nan biyu da suke ci da su, suka suɓuce. Bai yi dariya ba, cokali mai yatsu ya ajiye mini ya wuce.

Na kurɓi romon. Gishiri na fara ji. Sai citta, sai tafarnuwa can daga baya, sai wani ɗumi da ya bi maƙogwarona ya sauka har ƙirji. Na kai taliyar baki ta narke. Daga nan kukan da ya ƙi zuwa sati shida ya zo gaba ɗaya, a gaban baƙin mutane, ba sallama.

Yaya bai dafa ni ba, bai ce in yi haƙuri ba. Ya sunkuya kan nasa kwanon ya shiga zuƙar taliya da ƙara, fuut, fuut. "Zuƙa da ƙarfi, ƙanena," ya ce bai ɗago ba. "Wurinsu yabon mai girki ne. Kuma ba wanda zai ji komai." Tsohon kuwa ya juya mana baya, ya kama dirzar wata tukunya da nake gani sarai a wanke take. Haka na ci ina kuka ina zuƙa, har na ɗaga kwanon da hannu biyu na shanye. Da ya waiwayo na nuna masa kwanon, ya ƙaro mini wata taliyar ba tare da ya sake tambaya ba.

Da muka fito ruwan ya ɗauke. Muka taka har bakin teku inda jiragen masunta ke lilo, na kira ƙanwata, karo na farko muka yi hirar Inna har muka yi dariya. Ban sake faɗuwa a wurin aiki ba, na ƙarasa shekaruna lafiya na dawo gida. Tsohon nan ban taɓa gaya masa abin da ya yi mini ba, Turancinmu mu biyu bai kai nan ba.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, wanda baƙin ciki ya danne ba umarni yake bukata ba, ya sha jin a daure, a yi haƙuri. Yana bukatar wanda zai tuna masa cewa har yanzu shi mutum ne mai abin da yake so. Yanzu in na je dubiya ko gidan makoki, ba na cewa a ci abinci. Nakan zauna kusa da mutum in tambaye shi me ransa ke so, sannan in yi shiru in jira amsarsa, ko da za ta daɗe.