Ƙanƙarar Hada da Tsohon da Na Goya

Mun tashi da asuba daga unguwar Jarwal a Makka, mu uku da jaki guda, za mu Hada, ƙauyen kan dutse, sunan ɗan ƙanwata. Ga wanda bai san ni ba, sana'ata ɗaukar tsofaffi a kan shibriyya, gadon katakon nan da mutum huɗu ke ɗorawa a ka tsakanin Safa da Marwa, kuma in an zo koriyar alama dole a yi sassarfa da mutum a bisa. Kwanan baya wata tsohuwa ta kai ƙarata, wai na jijjiga mata ƙasusuwa. Shugabanmu ya ce ƙarfina ne ya fara ja da baya, zai gwada ni farkon Rajab, in na kasa ya sa wani. Shekarata arba'in da biyar, ban iya wani aiki ba. Tun ranar nake gudu kowace safiya zuwa unguwar Zahir in dawo, na kuma ƙudurta ko a kan dutse ba zan fasa ba.

Mina shiru, gidaje a rufe sai tattabaru. Arfa kuwa fili fetal, har mutum ya riƙa tantama ko nan ne duniya ke taruwa. Mun kwana a wata gahawa, wato rumfar shayi ta matafiya, a gindin dutsen Kara, shayi girshi ɗaya, wake da gurasa girshi biyu, ƙuma kuwa kyauta. Da safe muka kama matakalan dutse. Birai suka raka mu, ɗaya ya fizge jakar dabino ya hau sama yana ci yana kallonmu kamar shi ya saya. Wajen azahar na waiga na ga gajimare a ƙarƙashin ƙafata, fari, yana tafiya a hankali. Na daɗe a tsaye, ban san ko a farke nake ba.

Washegarin suna muka wayi gari ƙanƙara ta rufe Hada kaf, gonaki da duwatsu sun yi fari, ko tsuntsu bai yi kuka ba. Ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Sai na ɗaure bante na fita gudu ba takalmi. Tafin ƙafar da ya saba da yashin Makka tsakar rana, me ruwan sama daskararre zai yi masa? Ban yi nisa ba na daina jin ƙafafuna. Da rarrafe na dawo, na nufi murhu zan cusa su.

“Yaya, a'a!” in ji ƙanwata. “Wallahi in ka sa su a wuta sai fatar ta saɓule. Shuwayya shuwayya, sannu a hankali, da ruwan ɗumi.”

Kwana biyu ina zaune cikin bargo, tsoro ya cika ni. Ƙanƙara ba ta narke ba, Rajab kuma bai tsaya jirana ba.

A gidan akwai surukinta, dattijon da ya zo daga ƙasar Hausa a ƙafa ta Sudan tun yana saurayi. Ƙafafunsa sun mutu, ya shekara tara bai sauka Makka ba. Da ya ji damuwata ya nuna dogon ɗakin da ake kwantar da tumaki.

“Ɗana, ga Safa can, ga Marwa nan. Goya ni.”

Na goya shi. Bai fi buhun sha'ir nauyi ba. Daga wannan bango zuwa wancan, sau bakwai, tumaki na matsa mana hanya, numfashinsu na tashi kamar hayaƙi. Tsoho ya lumshe ido yana addu'ar sa'ayi a kunnena, har ni ma na fara jin hayaniyar masu shaguna da ƙamshin turaren wurin. Da na soma sassarfa ya daki kafaɗata.

“Ya waladi, ɗana, ƙarfi kana da shi. Dunduniya kake bugawa, kowane taku a ƙuguna yake ƙarewa. Sassauta gwiwa, ka taka da gaban ƙafa.”

Kwana huɗu muka yi haka, safe da yamma. A rana ta ƙarshe bai daki kafaɗata ba, ashe barci ya yi a bayana. Da na sauke shi na ga hawaye a gemunsa, nawa ma suka zubo.

Mun sauko da zuma da zabibi, rana ta tarye mu tun kafin Arfa. Ranar gwaji shugaba ya ɗora kwano cike da ruwa a tsakiyar shibriyya, ya sa ni a gaba. Muka wuce alamar farko, muka wuce ta biyu. Ya leƙa kwanon, ko ɗigo bai zube ba, ya dube ni, ya ce, “Tayyib. Gobe da asuba.”

Na je neman ƙarfin ƙafa, na dawo da kunya. Shekara goma sha biyu ina ɗaukar mutane a kaina, sai bana na fara tambayar na sama yadda yake ji.