Kakar da 'yata ta ƙi ƙirjina

Mura ta kama ni muna tsakiyar ɗaurin hatsi a gonarmu, yamma da Gangara. Na kan kwanta ƙarƙashin aduwa da rana tsaka, zazzaɓi yana ɗaga ni yana ajiyewa, in ga damman gero sun miƙe sun jeru kamar shanu za su rijiya.

Ban je asibiti ba, taurin kai ya hana. Ran kasuwa na sayi kafso wurin mai talla, na yi ta haɗiya ba ƙa'ida. Murar tana nan, ga ciki ya ɓaci, harshe ya yi fari.

Duk wannan bai dame ni ba kamar 'yata, wadda ko magana ba ta fara ba. Da can a ƙirjina take barci. Yanzu in na ɗauke ta sai ta shinshina, ta kau da kai, ta miƙa wa uwarta hannu. Na ce da matata ita ke zuga ta. Allah ya yafe mini.

"Maigida, jaririya za a zuga?" ta ce, tana danne dariya. "Numfashinka ne ya sake. Ni ma haƙuri nake yi."

Sai ga ni a asibitin Tanout. Majo, babban ma'aikacin wurin, ya leƙa bakina. Ya ce a hancin mutum da bakinsa da hanjinsa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, galibinsu masu amfani. Irin wannan mura takan hargitsa su, wasu su ragu, wasu su yi yawa. Kafson da na sha ba ya taɓa murar, halittun nan ya ƙara watsawa, shi ya sa numfashina ya sake.

"Garkenka ka kora da hannunka, malam. Je ka ci abinci, ka sha kindirmo, ka jira."

Na jira. Ina kurɓar nono ina lumshe ido, ina ganinsu can nesa cikin jikina, suna dawowa ɗaya bayan ɗaya, ƙanana, a gajiye, kowa yana neman turkensa.

Wata safiya na ɗaura wa jaki kaya zan fita, yarinyar ta rarrafo ta kama ƙafata. Na ɗauke ta ina fargaba. Ta cusa hanci a wuyan rigata, ta daɗe, sannan jikinta ya saki. Na zauna nan bakin ƙofa. Jakin ya yi ta jira, ban motsa ba.