Ranar da Baturiya Ta Ɗauko Kwamfutar Saleh a Ka

Kaltum ne sunanta na yanka. Farinta ne ya sa kakarta ta ce ai Baturiya aka haifa musu, sunan kuwa ya biyo ta tun daga Gashuwa har Azare, inda mahaifinta ya dawo da iyalinsa yana cinikin kanwa. A nan ta yi aure, tana nan mijinta, direban babbar mota, ya rasu a hanyar Potiskum. Ya bar mata 'ya ɗaya, Fadimatu, da talabijin, da kwali biyu na kaset-kaset na finafinan Indiya da ya tara a tafiye-tafiyensa. Tana fita takaba ta kakkaɓe su ta fara ba da haya ga matan unguwa. Da faifai ya zo ya kori kaset, ita ma ta koma faifai.

Ba ta yi boko ba, amma kallon shekaru ya sa tana jin Indiyanci yadda take jin Barbarci. Matan aure kan taru a tsakar gidanta bayan sun sauke tukunya, ta zauna a gefen talabijin tana fassara musu, in an zo wurin kuka ta riga kowa. Mace ce mai faɗa da saurin huce, kuma ba ta iya raɗa ba.

A shekarar 2008 aka kawo mata wani sabon faifai daga Kano. Labarin wata yarinya ne da wasu samari suka yaudara, suka ɗauki hotonta ba sutura suka watsa a intanet, ta kasa jure kunyar ta hallaka kanta. Sai yayarta ta tashi tana bin su ɗaya bayan ɗaya har ta ga bayansu. Matan sun ji daɗin ramuwar, amma Baturiya ta ce musu wannan shirin 'yan fim ne kawai, ina mutum zai ga hanyar raba hoto ga gari guda a yini ɗaya.

Lokacin Fadimatu tana da shekara ashirin, tana karatun koyarwa, an kuma sa ranarta da Mamman, wani malamin firamare ɗan Chinade. Akwai wani Saleh mai shagon kwamfuta kusa da tasha, yana buga takardu, yana tura wa mutane waƙoƙi a waya, yana ɗaukar hoton fasfo. Wurinsa ta je aka ɗauke ta hoton da za ta manna a takardar makaranta. Ya ce yana sonta, ta ce an riga shi. Bayan kwana biyu ya tare ta a hanya ya nuna mata wayarsa: fuskarta ce, an ɗora a kan jikin wata mace tsirara. Ya ce ko ta zo ɗakinsa, ko gari ya gani.

Mako biyu yarinyar tana ramewa, uwar tana dafa mata maganin shawara. Fadimatu ba ta je ɗakin ba, ba ta kuma faɗa wa kowa ba. Saleh ya saki hoton. Daga waya zuwa waya ya bi majalisu da masu shayi, 'yan acaɓa suka kai shi Chinade kafin la'asar.

Iyabo ce ta gaya wa Baturiya. Maƙwabciyarta ce mai sayar da robobi, Bayarabiya haifaffiyar Azare da ake kira Iya Tolani, tare suka yi goyo. Ta shigo da hantsi riƙe da wayar da ta karɓe daga direban da ke kawo mata kaya, ta zaunar da Baturiya a bakin gado kafin ta miƙa mata.

Baturiya ta daɗe tana kallo. Ba ta yi kuka ba. Ta matso da wayar daf da idonta, sannan ta ce, "Iya Tolani, ina tabon? Fati tana da shekara huɗu kunu ya zube mata a hannun hagu, ke kika riƙe ta aka sa magani. Dubi hannun nan. Dubi wuyan, launinsa daban da na fuskar. Wannan ɗinki ne, ɗinkin ma na ɗan koyo."

Iyabo ta ce ita ta gani, amma gari ba tabo yake nema ba.

Gaskiyarta kuwa. Washegari kawun Mamman ya aiko cewa a ɗan dakata da maganar biki har ƙura ta lafa. Fadimatu ta daina fita ko ƙofar gida. Matan da suka saba cika tsakar gida suka ɗauke ƙafa, sai aike suke yi a ba su faifan nan na yarinyar da aka watsa hotonta. Cikin kwana uku gida tara suka aiko neman sa. Baturiya ta gane abin da suke son kallo, ta kori 'yar aiken ƙarshe da muciya a hannu.

Daren nan ta tsare Fadimatu har ta gaya mata yadda suka yi da Saleh. Da safe ta saka mayafi ta tafi wurin mai unguwa. Ya saurare ta yana jan carbi. Ya ce ita mace farar riga ce, in ta yi tabo ba a wanke ta a bainar jama'a. Ya ce Saleh ɗan mutane ne, ubansa mutumin kirki ne, kuma babu shaidar cewa shi ya yi. Da ta ɗaga murya, sai ya ƙara da cewa wanda ya cika gidansa da rawar Indiya bai kamata ya yi mamaki ba in 'yarsa ta shiga bakin duniya.

Ta dawo gida. Ta saka faifan, ta tsallake farkon, ta kalli inda yayar take ramuwa. Ta kalla ta sake mayarwa. A ranta ta shiga lissafin abin da ke gidan: akwai wuƙar yanka kaza, akwai fetur ɗin janareto a galan, shagon Saleh kuwa na katako ne. Fadimatu ta fito daga ɗaki ta tsaya a bayanta, ta ga galan ɗin an jawo shi tsakar gida.

"Inna," ta ce, "in kin ƙona shi, hoton zai goge daga wayoyin mutane? Cewa za su yi gaskiya ne, shi ya sa kika haukace. Ni so nake a san ƙarya ce."

Maganar ta zaunar da ita. Ta mayar da galan ɗin, ta tafi wurin Chibuzo mai gyaran rediyo da talabijin, wanda shi ke gyara mata na'urar faifai tun shekaru. Ta tambaye shi ko mai irin wannan ɗinkin yana barin ƙyalle a inda ya yi aikin. Ya ce galibi suna bari, kuma ba a gilashin da ake kallo abin yake ba, yana cikin akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin tebur. Ya gargaɗe ta kada ta fasa shi.

Ranar kasuwa, rana ta take, Baturiya ta naɗa gammo ta nufi tasha, Iyabo na biye da ita. Shagon cike yake da samari. Ta yi sallama, ta ratsa su, ta durƙusa ta fizge wayoyin da ke bayan akwatin, Iyabo ta taya ta ɗorawa a ka. Kafin Saleh ya gane abin da ke faruwa har ta kai bakin titi. Ya biyo ta yana ihun ɓarauniya. Ta juyo da akwatin a kanta ta ce ya taɓa ta in ya haifu, ta girmi uwarsa a aure. Bai taɓa ta ba. Ta ratsa tasha da layin masu hatsi tana faɗa da ƙarfi cewa duk wanda ya kalli 'yarta a waya ya biyo ta ya ga inda aka ɗinka hoton. Kafin ta isa ƙofar mai unguwa mutanen da ke bayanta sun fi na ɗaurin aure.

A zaure ta sauke. Mai unguwa bai ga hanyar korar taron ba, aka kira Chibuzo ya zo da gilashinsa da ɗan janareto. Bai daɗe yana dube-dube ba ya samo su a jere: hoton fasfo na Fadimatu da hijabinta, hoton wata baƙuwar mace da aka ɗauko daga intanet, da na uku inda aka haɗa su. Zauren ya ɗauki salati. Saleh ya ce wasa ne yake yi, ba shi ya raba ba.

Da Chibuzo ya tsaya nan, da wataƙila labarin ya ƙare da daɗi. Amma ya buɗe na gaba. Wata fuskar ce, 'yar unguwar. Ya buɗe wani, wata ce kuma. 'Yan mata goma sha ɗaya, duk waɗanda suka taɓa zama a kan kujerar shagon don hoton fasfo. Nasu bai fita gari ba, kowa kuwa ya san abin da hakan ke nufi. Mazan da suka yi ta turereniya don su leƙa suka fara neman takalmansu. Mai unguwa ya ce a kashe.

Baturiya ta ce kotu za a je. Aka ce mata sai iyayen sauran sun yarda. Gida goma sha ɗaya ta shiga da ƙafarta, babu uba ɗaya da ya ce zai tsaya. Larai, uwar ɗaya daga cikinsu, wadda ta shekara takwas tana karɓar faifai a wurinta, ta biyo ta har gida ta zage ta tas, ta ce kafin ta ɗauko akwatin tsiyar nan babu wanda ya san da 'yarta a ciki.

"Saleh ya sani," in ji Baturiya. "'Yarki ma ta sani. Wata nawa tana zuwa inda ya kira ta don tsoro, ke kina nan kina kallon Indiya a gidana? Ni kike zagi, shi kin bar shi?"

Larai ba ta sake taka gidan ba. Kafin mako ya zagayo dattawa suka zauna ba tare da an kira Baturiya ba, suka yanke cewa a rufa wa juna asiri. Aka ƙona akwatin a bayan gari. 'Yan'uwan Saleh suka ɗauke shi daga Azare, bayan shekara biyu aka ji ya buɗe wani shagon a wani gari, har da sabuwar kyamara.

Kawun Mamman ya dawo da fara'a ya ce tun da an wanke yarinya sai a ci gaba da shiri. Fadimatu da kanta ta ce a mayar musu da kayansu. Ta gama karatunta, aka tura ta koyarwa Disina, can ta yi aure da wani ma'aikacin gona da ya ji labarin duka daga bakinta kafin ya turo magabatansa.

Cinikin Baturiya bai koma yadda yake ba, rabin unguwa sun ɗauke ta mai tonon silili. Ta haɗa da sayar da turaren wuta irin na mutanensu, da shi ta riƙe kanta. Daga cikin 'yan matan goma sha ɗaya, guda ce kawai ta taɓa zuwa. Ta shigo da rana kamar mai sayen turare, ta durƙusa ta ce, "Inna, ya daina kirana." Ta tashi ta fita.

Fushin bai bar Baturiya ba, ba ta kuma yi ƙoƙarin ɓoye shi ba. A ƙarshen 2009 mai unguwa ya aurar da 'yarsa, aka bi gida-gida da goro da alewar gayyata. Da aka kawo nata, ta ƙulle su a ledar da suka zo ciki, ta ce wa matar da ta kawo ta mayar masa, ta kuma gaya masa daga gidan wa aka dawo da su.