Lasifika Biyu a Bayan Kujerar Alhaji Ari

Har gobe ban manta da ranar da aka aike ni gyaran rediyon da lafiyarsa ƙalau ba. A shekarar 1995 ne, bayan ƙaramar salla, ban daɗe da barin Damagaram na kama aiki a wani garaji a Gure ba. Ni ne mai gyaran wutar mota: batir, fitila, rediyo, duk abin da waya ta bi ta cikinsa. A garajin nan tsarin shi ne mai mota ya yi magana da shugaba, shugaba ya tura ma'aikaci, ma'aikaci ya duba ya faɗi cutar kafin ya ɗora hannu. Shugabanmu Malam Isufu ya kira ni da hantsi.

"Ka je gidan Alhaji Ari, rediyon motarsa ba ya magana. Kuma ka ji, duk abin da mutanen gidan suka ce maka, ka ce to."

Ban tambayi dalili ba. Na ɗauka irin kashedin da ake yi wa baƙo ne.

Alhaji Ari tsohon ɗan kasuwa ne, kuma motarsa Pejo ce kat-san-kat, wato 404, fara, wadda ta girmi wasunku masu koyon aiki da ke zaune a nan. Ko ƙwarzane babu a jikinta. Direba ɗaya ya riƙe ta tun tana sabuwa, Baba Bukar, dattijo siriri marar yawan magana. Na same shi tsaye a gefenta kamar wanda aka yi wa rasuwa. Alhaji na kan kujera a ƙofar zaure, babban ɗansa Mamman Sani a kusa da shi, ga maƙwabta sun cika tabarma.

Na gaishe su, na shiga, na murɗa makulli, na kunna rediyo. Sai ga murya tangaram, har awakin da ke gindin bango suka ɗaga kai. Na ce a raina, yau na samu aiki mai sauƙi. Alhaji ya taso ya shiga kujerar baya, wurin zamansa, ya saurara, ya girgiza kai.

"Ka ji ko? Kamar sauro a cikin tulu."

Na juya wurin Mamman Sani ina jiran ya yi dariya. Ko gezau. Ya ce, "Gaskiya ne Baba, ba ya fita." Wani maƙwabci daga tabarma, wanda da idona na ga yana gyaɗa kai ga labaran, ya ce, "Ai wannan rediyo ya mutu tun bara." Na ƙara murya. Suka ce har yanzu. Na ƙure ta, gilashi na rawa, suka ce ya ɗan fi.

Wallahi kaina ya ɗaure. Na fara zargin kunnena. Na ce ko shekarun da na yi cikin ƙarar injin sun sa ina jin abin da babu? Ko kuwa a Gure akwai wani irin rediyo da ban sani ba? Na cire rediyon na duba, na gwada wayoyi, na taɓa batir. Komai daidai. Mutum ɗaya zai iya kuskure, amma tabarma guda?

Nan Alhaji ya faɗi abin da aka kira ni dominsa. Ya ce yana zargin an cire lasifikar motar ta asali an sa wata matacciya, kuma mutum ɗaya ne ke riƙe makulli. Ya ce in buɗe in duba in faɗa a gaban jama'a. In haka ne, ranar Juma'a Bukar zai ajiye makulli. Baba Bukar bai ɗaga kai ba.

Na kwanta ƙarƙashin sitiyari. Irin wannan mota lasifika ɗaya gare ta, a gaba. Ƙusoshinta ko alamar sukuddireba babu, ƙurar da ke kansu ta shekaru ce. Ina kwance sai Baba Bukar ya sunkuyo kamar zai miƙo mini filaya, ya ce a hankali, "Ɗana, kunnen Alhaji ne. Shekara uku ke nan. Kada ka faɗa."

Sai yanzu na gane "to" ɗin Malam Isufu. Amma ganewar ba ta fitar da ni ba, ƙara rikita ni ta yi. In na ce rediyo lafiya lau, na kira dattijo kurma a ƙofar gidansa. In na ce an canza lasifika, na mai da Baba Bukar ɓarawo. Gaba kura, baya sayaki. Na daɗe a ƙarƙashin nan ina warware ƙusa ina ɗaurewa, don kawai kada in fito.

Da na fito na ce, "Alhaji, lasifikar nan ta asali ce, ba wanda ya taɓa ta tun daga kamfani. Sai dai ta tsufa, kuma a gaba take, kai kana baya. Maganin shi ne a sa biyu a kan allon da ke bayan kujerarka."

"A huda mini mota?"

"Sai an huda, Alhaji."

Har na fara tattara kayana. Sannan ya ce a huda. Amma ya ƙara da cewa: "To ba ɓarawo ba ne, na ji. Amma Juma'a tana nan. Mutumin da zan yi wa magana daga nan har Bune bai amsa mini ba, ya gaji da ni. Gara mu rabu da mutunci."

Washegari Baba Bukar ya kawo motar garaji. Ku da kuke koyo ku saurara, don irin wannan aiki ba a yin sa da gaggawa. Na fara cire kujerar baya. Allon nan kwali ne mai kauri a sama, ƙarfe a ƙasa, don haka sai ka leƙa ta but, wato ma'ajiyar kaya ta baya, ka tabbata ba za ka yanke ƙarfen da ke riƙe jikin motar ba. Na zana da'ira biyu da kwali, na bi layin da ƙananan huji, na yanke, na goge bakin da zarto, na shafa giris don tsatsa. Wayoyi na bi da su ƙarƙashin shimfiɗar ƙofa, ban bar ko ɗaya a fili ba. Kuma ja a wurin ja, baƙi a wurin baƙi a duka biyun, in ba haka ba ɗaya na turawa ɗaya na ja, muryar ta tsinke.

Lokacin da nake yankan ƙarfen, Baba Bukar ya juya baya. Na ce, "Baba, me ya hana ka faɗa masa kana amsawa?"

"Ina amsawa mana. Amma idona na kan hanya, shi yana ganin ƙeyata. In na ɗaga murya, yaran kasuwa su ce Bukar na yi wa ubangidansa tsawa. In na ce ba ya ji... a'a. Ba daga bakina ba."

"To aikinka fa?"

"Allah na nan."

Ni dai ban gane ba. Ga magana ɗaya da za ta warware komai, gari guda ya haɗu ya ƙi faɗinta, ni kuma an sa ni ina huda mota mai kyau a madadinta. Haushi ya kama ni, amma ban san wa zan ji haushinsa ba.

Da la'asar muka je gwaji. Ƙa'ida ce ma'aikaci ya shiga a zaga da shi. Na zauna gaba, Alhaji a baya, muka kama hanyar Kelle. Na kunna. Fuskar Alhaji ta washe kamar yaro. "Yauwa! Ka ji rediyo!" Ya saurara ya more, sannan ya ce in kashe.

"Bukar, yaya ka ji?"

Baba Bukar ya ce, "Ya yi daɗi, Alhaji. Allah ya sa a ji alheri."

Alhaji ya taɓa kafaɗata. "Ka gani da idonka? Haka yake yi mini."

Na rasa abin yi. Na juyo gaba ɗaya na fuskance shi, ban ɗaga murya ba, na ce, "Ya ce ya yi daɗi, Alhaji. Ya ce Allah ya sa a ji alheri."

Alhaji ya kalli bakina. Ya kalli ƙeyar Baba Bukar. Ya waiga ya kalli lasifikan nan biyu da ke kusa da kunnensa. Sannan ya gyara zama yadda zai ga fuskar direbansa a madubi, ya ce, "Bukar, shekara nawa muke tare?" Baba Bukar ya amsa. Na ga Alhaji yana kallon leɓen nan na motsi a madubi.

"Tsaya," in ji Alhaji.

Muka tsaya a gefen hanya. Ya fito, ya buɗe ƙofata. "Kai, mai waya, koma baya."

Alhaji Ari, wanda mutanen Gure ba su taɓa gani a kujerar gaba ba, ya zauna kusa da direbansa, ya karkato da kunnen hagu. Ya ce, "To maimaita. Kuma ka fara daga shekara uku da suka wuce, ina da bashin hira."

Haka muka dawo gari, su biyu a gaba suna ta zuba, ni a kujerar Alhaji kamar wani babban mutum, lasifikan da na sha wahala a kansu shiru a bayan ƙeyata. Juma'a ta zo ta wuce, makulli na aljihun Baba Bukar. Alhaji bai sake komawa baya ba, kuma har ya bar duniya ban ji wanda ya ce masa kurma ba. Jikokinsa ne suka ci moriyar aikina.

Shi ya sa nake gaya muku, in an kawo muku abin da lafiyarsa ƙalau aka ce ya lalace, kada ku yi saurin cewa mai shi bai san komai ba. Akwai abin da ya lalace, sai dai ba a cikin motar yake ba. Ku duba mai zama a ciki kafin ku ɗauki filaya.