Ruwan da Kawu Labbo Bai Sani Ba

Mun tashi da asuba daga Sakkwato mu uku, ni da ƙanena da wani abokin sana'armu, ko koko ba mu tsaya sha ba. Dukanmu masunta ne masu nutso. Mu ake kira idan raga ta maƙale a ƙasan gulbi, mu ne kuma ke shiga gurbi lokacin su mu kamo kifi da hannu. Duk shekara kafin lokacin su mukan je Bakura wurin kawuna Labbo mu gyara ƙirji, don shi ya koya mini riƙe numfashi tun ina saurayi. Tun da aka fara aikin madatsar Bakolori zuwan namu ya yanke. Bana muka ce ko ana ha-maza-ha-mata sai mun je.

Akori-kura muka samu, wadda direbanta ya fi ganin girman buhunan albasa a kanmu. Su aka shimfiɗa wa tabarma, mu aka ce mu san inda za mu sa ƙafa. A Tureta muka sha fura mai kyau, mai nonon tana ta yi wa abokinmu dariya saboda hawayen albasa da ke zubo masa. Da hantsi muka sauka a mararrabar Bakura, wata tifa ta ƙarasa da mu cikin gari.

Ban gane fadamar Bakura ba. Wurin da ruwa kan malale kowace shekara ya bar laka, a shuka dankali da taba da albasa, duk ya bushe ya tsattsage. Gurbin da muke horo a cikinsa, wanda in ka nutsa sai kunnenka ya yi ƙara kafin ka taɓa ƙasa, tumaki muka tarar suna kwance a tsakiyarsa. A kasuwa babu ɗanyen kifi, sai busasshe da aka kawo daga nesa, shi ma tsadarsa ta isa mutum ya haƙura da miyar kuka zalla. Gidan Kawu kuwa an jingina ƙyaure da dutse. Wani dattijo maƙwabcinsa, bayan mun daɗe muna gaisawa, ya ce mana, “Labbo ai ya bi ruwa. Cewa ya yi ba shi zama inda kwaɗo ma ya yi ƙaura. Yana Maradun wajen ɗiyatai.”

Muka kwana a zauren dattijon, washegari muka shiga Talata Mafara, muka kuwa dace da ranar kasuwa. Garin ya cika da baƙi: leburori daga ko'ina, manyan motocin ɗaukar dutse, Turawa da jajayen wuya suna cinikin kaji da yatsu. Masu abinci sun daina yarda a taya, don leburori ba sa tayawa. Mun ci hoce, wato gurasar dawa, da ƙuli-ƙuli, wanda ƙanena ya ce in ka ci shi da safe ba ka sake tuna abinci sai gobe. Daga nan muka kama hanyar Maradun. Da muka hau wani tudu sai ga ruwan. Muka zuba masa ido. Mu da muka tashi a bakin gulbi, ba mu taɓa ganin ruwan da ido ba ya kai ƙarshensa ba. Nan da can kawunan itatuwa ne suka leƙo, babu ganye.

Kawu yana sabon garin da aka mayar da mutanen da ruwa ya tasa, gidaje a jere a kan fako, babu inuwa. Ya rame, amma ƙirjin nan nasa yana nan da faɗinsa. Ya yi murna ƙwarai, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, sannan ya dafa cikina ya ce, “Wanga tumbi da shi za ka nutso ko kuwa aje shi za ka yi bakin gaɓa?”

Horo ya fara tun washegari, yadda muka saba. Bayan sallar asuba mu yi gudu a kan rairayi har gumi ya jiƙe mu. Mu ɗauki dutse a ƙirji mu yi tafiya da shi numfashi a riƙe, mu aje, mu huta, mu sake. Sannan mu zauna ya sa mu ja iska a hankali, ciki ya fara cika kafin ƙirji, mu sake ta kamar mai hura wa jariri kunu. Ba a cin abinci mai nauyi sai an fito daga ruwa. Abin da ya fi tsana shi ne mutum ya yi ta haki da sauri kafin ya nutsa, ya ce wannan yana rufe wa ƙirji baki ne, sai mutum ya suma a ƙasa bai ji alamar komai ba. Kuma ba a shiga biyu a tare, ɗaya a ƙasa, ɗaya riƙe da igiya. Cikin 'yan kwanaki jikinmu ya dawo, har abokinmu ya fara cika baki. Amma na lura Kawu ba ya barinmu mu wuce bakin gaɓa. Da na tambaye shi sai ya ce, “Gulbi na san shi kamar yunwar cikina. Wanga kuwa baƙo na. Ban san mi ya haɗiye ba.”

Ranar da abin ya faru, wani maƙwabcinsa ne ya shigo da hantsi hankali a tashe. Manomi ne da ruwa ya cinye gonarsa, ya sayar da jakinsa ya sayi raga, ya fara koyon su da furfurarsa. Ragar ta maƙale can tsakiya, ya ja ya ja ta ƙi. Muka shiga jirgi mu biyar.

Ni na fara sauka, igiya a ƙugu. Sama-sama ruwan da ɗumi, amma da na yi ƙasa sai sanyi ya kama ni kamar an jefa ni cikin randa. Na toshe hanci na hura don kunne ya buɗe, na ci gaba. Haske ya ƙare. Hannuna ya ci karo da rassa, ko'ina rassa, ragar ta nannaɗe su. Na kwance abin da na iya, maƙogwarona ya fara haɗiyar banza, na ja igiya aka fito da ni. Ƙanena ya gwada, ya dawo da wando a yage da ƙafa a karce. Abokinmu mai cika baki ya leƙa ruwan ya ce shi kansa ke ciwo.

Sai na ga Kawu yana tuɓe riga.

Na ce, “Kawu, a yanke ta kawai, a ɗauki abin da ya samu.”

Ya ce, “A yanke mi? Mutum ya rasa gona, ya rasa jaki, kuma ya rasa raga muna kallo? Riƙa min igiya, ɗana.”

Na riƙa. Ya zauna a bakin jirgi yana numfashi a hankali, idonsa a lumshe, sannan ya sulale ko fantsama ruwa bai yi ba. Igiya ta yi ta tafiya a hannuna, ta wuce inda tawa ta tsaya, sannan ta tsaya. Na ji motsinsa yana aiki. Can motsin ya ɗauke. Na jira ya ja, bai ja ba. Ban ƙara jira ba, na yi wa ƙanena tsawa muka jawo da ƙarfi. Ya fito ido a buɗe amma ba ya ganin kowa, jini na fita ta hanci da kunnen dama. Muka kwantar da shi a gefe ɗaya, ina bubbuga kumatunsa ina kiran sunansa, mai ragar yana ta salati. Da ƙyar ya yi tari, numfashi ya dawo. Abin da ya fara faɗa shi ne, “Ɗorawa ta. Har da amyar zuma a ɗaure bisanta.” Itacen da ragar ta nannaɗe yake nufi. Mai ragar ya rufe fuska da hannu, don a wajen nan gonakinsu suke.

Ragar dai yanke ta muka yi, aka tsira da rabi. A asibiti a Talata Mafara aka ce dodon kunnen ya fashe, kuma kada ya sake nutso har abada. 'Yarsa ta ci gaba da kawo mana tuwo kamar kullum, ni kuwa da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ranar da za mu taho na durƙusa ina yi masa sallama, ya juyo da kansa ya ce, “Zagayo ta hagu, wancan ɓangaren ya tahi.” Na zagaya. Ya ce mu koya wa na bayanmu abin da ya koya mana, kada ya mutu tare da shi.

A hanyar dawowa babu wanda ya yi wasa. Mun iso Sakkwato da la'asar, aka taru ana tambayarmu yadda ruwan Bakolori yake, na ce babba ne, na shige gida.

Na koyi cewa gudu da ɗaukar dutse da daɗewa a ƙasan ruwa duk rabin sana'ar ne. Sauran rabin yana hannun wanda ke cikin jirgi. Shekara da shekaru ana koya mini yadda zan danne ƙirjina in ya ce in fito, ba a taɓa koya mini yadda zan ce wa babba a'a ba. Ranar nan ba ƙarfin numfashi aka nema a wurina ba. Da na ƙi karɓar igiyar nan, da Kawu ya yi fushi da ni na kwana biyu, da yanzu yana ji da kunnuwansa duka.