Kitse a Jinin Baffa Sale

'Yan uwa, yau na ga jini ya yi fari kamar madara.

Na raka Baffa Sale daga Toranke zuwa asibiti a Gaya, ƙirji na damunsa. Aka ɗebi jininsa. Da ya kwanta a kwalba, sai samansa ya yi fari fat.

Likita ta ce, "Haifalifidimiya muke kiransa, wato kitse ya yi yawa a jini."

Baffa ya miƙa mata hannu. "Dube ni fa, fata da ƙashi. Ina kitsen?"

Ta ce, "Ba da ido ake ganinsa ba, Baba. Me kake ci?"

Ya juyo ya kalle ni. Tun bara muke malala masa man shanu a tuwo don ya yi ƙiba. Wanda na sayo masa yau ma yana cikin jakata.