Galan a Kan Barkono

Shekarun baya, a daidai lokacin da man fetur ya yi tashin da kowa ya fara jingine motarsa, mu ma muka shiga neman mai sayen tamu. Na san wasunku za su ce me ya haɗa matar gida da cinikin mota, ni da ko sitiyari ban taɓa riƙewa ba. Ku dai saurara, don cinikin nan a kan jarkokin kicin ɗina ya ƙare.

Motar maigidana ce, tun yana saurayi ya saye ta ta hannu. 'Yar ƙarama ce, ja, ƙofa biyu gare ta sai ta baya da ake ɗagawa sama, kujerunta can ƙasa kamar mutum ya zauna a kan tabarma. Amma in ya taka ta a titi, manyan motoci sai dai su ga bayanta. Ƙararta kuwa, tun yana bakin titin Mandawari nake sanin ya dawo, in tashi in zuba abinci. Mutanen unguwa suka sa mata suna Barkono. Nakan tsokane shi in ce da Barkono na cin tuwo, da ita za a fara kwashe wa.

Abin da ya kawo maganar sayarwa, mahaifiyarsa ce. Tare muke zaune, Hajiya muke ce mata. Gwiwoyinta suka matsa mata har sallah ta koma yi a kan kujera, kuma ba abin da ya fi wannan damunta. Likita ya ce a riƙa kai ta gashin ƙashi. Adaidaita sahu tana jijjiga ta, ta kwana tana nishi. Da aka gwada kai ta a Barkono, shiga ta yiwu da ƙyar, fita ta gagara. A ƙofar asibiti sai da ni da wata baiwar Allah muka cicciɓo ta, mutane na kallo. Da muka dawo gida ta ce ita da asibiti sai dai in ranga-ranga za a kai ta.

Washegari maigidana ya ce zai sayar da motar ya nemi mai tudu, mai ƙofa huɗu. A tsakar gida ya faɗa, Hajiya na ɗakinta tana ji. Da ma shi ne ɗanta na fari: ba ta kiran sunansa, ba ta yaba masa, ba ta haɗa ido da shi. Ko ruwa take so ya miƙo mata, ni za ta kalla ta ce, "Ki ce wa mijinki."

Ya ƙi kai motar wurin dillalai, wai rana za ta dake ta, kowa ya zo ya murɗa. Sai ya ce in ba shi jarkar man gyaɗa da ba komai a ciki. Ya wanke motar tas, ya ajiye ta a ɗan filin ƙofar gida, ya ɗora galan ɗin a samanta, alamar ta sayarwa ce.

Kasuwa kuwa ta mutu murus. Wa zai sayi tsohuwar mota mai gudu alhali kowa lissafin mai yake? Samari su zo su ce a tayar su ji ƙara, su ɗauki hoto, su yi gaba. In an samu mai tambaya da gaske, sai maigidana ya tsaya ya jero masa aibobinta kamar mai karatun allo: sanyin ciki ya daina aiki, giya ta biyu tana gardama da safe, tana shan mai kamar raƙumi ya samu rijiya. Wani ya taya ta tayin wulaƙanci, kafin ya rufe baki aka ce masa albarka.

Na ce, "Baban yara, sayarwa kake yi ko kora?"

Ya ce, "Ɓoye aibi haramun ne. Ke ce fa kike zuwa Islamiyya."

Ya kama ni, don ni na taɓa karanto masa hakan.

Sai galan ya fara ɓacewa. Ya fita kasuwa da safe galan na sama, ya dawo da yamma ba shi. Na ce iska ce, na ba shi wani. Shi ma ya tafi. Na ce masu tsintar robobi ne. Muka zuba yashi a ciki don ya yi nauyi, aka zo aka tarar da tulin yashi a ƙasa, galan ya yi layar zana. Jarkar manja ta tafi, ta kalanzir ta bi ta, har na fara aron ta maƙwabta. A tsawon wannan lokaci ko mai leƙe ba mu samu ba, don duk wanda ya wuce ya ga ba galan zai ɗauka an fasa. Hajiya kuma tana nan tana sallah a kujera, gwiwa na ƙara kumbura.

Ni da wayona sai na yanke hukunci. Na tare shi na ce, "Ka faɗa min gaskiya, kai kake saukewa ko? In ba za ka iya rabuwa da ita ba, ka daina ƙarar min da jarkoki." Ya kalle ni ya ce, "Allah ya huci zuciyarki. Akwai wata jarkar?" Na ce a raina, shi ke nan, na kama ɓarawo.

Wata safiya da hantsi na hau sama shanya. Ina leƙawa ƙasa sai ga Hajiya ta fito daga zaure da sandarta, irin mai lanƙwasa a kai. Ta duba gabas, ta duba yamma. Ta ɗaga sandar, ta saƙala hannun galan ɗin, ta jawo shi a hankali kamar mai tsinko mangwaro. Ta zazzage yashin, ta cusa galan a cikin hijabinta. Kafin ta juya, ta sa gefen hijabin ta goge wata ƙura a kan madubin motar.

Na sauko na bi ta ɗaki da sallama. Ga jarkokina nan a ƙarƙashin gado, an jera su reras.

Na ce, "Hajiya, ashe ke ce iskar."

Ta ce, "'Yar nan, turo ƙofar."

Na turo, na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Ta ce ranar da ɗan nata ya kawo motar nan, mahaifinsa na da rai, ya ɗauke shi suka zagaya har gindin Dala suka dawo, tsoho na dariya hularsa a hannu. Ita ko leƙawa ba ta yi ba, kada a ce tana rawar kai a kan ɗan fari. Ta jikin labule ta kalla. Ta ce, "Tun yana yaro ban taɓa ganin abin da ya so kamar abin nan ba. Yanzu a ce gwiwata ce ta raba shi da ita? In na mutu gobe fa? Ba ni, ba mota."

Sai gaskiyar da nake gani kullum ta zo bakina. Na ce, "Hajiya, tun ranar asibiti bai cinye abincinsa ba. Duk lokacin da kika ja kujera za ki yi sallah, yana ji daga tsakar gida, sai ya ajiye cokali. Motar yake wankewa, amma ƙofar ɗakinki yake kallo."

Ta daɗe tana jan carbi. Can ta ce, "Kada ki faɗa masa." Na ce to.

Kashegari, bayan maigidana ya fita, ta zaɓi jarka mafi haske a cikin tarin, ta ce in kama mata hannu. Da kanta ta ɗora ta da sandar nan, sai da ta daidaita ta a tsakiya.

Da yamma, bayan maigidana ya dawo, wani malamin makaranta daga Gwammaja ya yi sallama, dattijo mai fara'a. Ya ce ya taɓa hango galan daga cikin adaidaita, ya dawo ya tarar babu, ya sake gani ya sake dawowa babu, har ya ce ko idonsa ne ya fara. Lungunsu ƙarami ne, babbar mota ba ta shiga, kuma tun ƙuruciya yake sha'awar irinta. Maigidana ya fara karatun aibobi, malamin na gyaɗa kai yana cewa, "Na san halinsu. Giyar sai an lallashe ta."

Ni da Hajiya muna zaure muna ji. Ta taɓo ni ta ce, "Ki tambaye shi, yana da iyali?" Na tambaya daga bayan ƙofa. Ya ce yana da su. Ta ce, "To ki ce masa ban da gudu. Kuma ba a barinta a rana."

Tayin da ya yi bai kai yadda aka so ba, amma ba na raini ba ne. Maigidana ya ɗora hannunsa a kan motar. Sai Hajiya ta ɗaga murya kaɗan, yadda zai ji, ta ce, "Ki ce wa mijinki Allah ya yi masa albarka." Tun da na shigo gidan ban taɓa jin ta faɗi haka yana kusa ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na sallama."

Muka sayi wata mai ruwan toka, doguwa, ba ƙara ba kwalliya, in ta dawo sai dai in ji sallamarsa. Hajiya ta koma gashi. Kafin azumin shekarar ya zagayo, na shiga ɗakinta na tarar an ture kujerar gefe, goshinta a ƙasa. Na koma da baya ban yi motsi ba.

Na riƙe alƙawarina har Allah ya yi mata rasuwa, Allah ya jiƙanta. Bayan an share makoki muna hira, na ce yau zan faɗa masa wanda ya kwashe min jarkoki. Ya yi murmushi ya ce, "Na sani. Tun galan na biyu na ga shatin sandarta a ƙasa, kusa da taya."

Na ce, "Ka sani, ka bar ni ina zarginka?"

Ya ce, "To ya zan yi? In je in ce wa Hajiya na kama ta?"

Na zauna da mutum biyu a gida ɗaya, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa irin son da yake masa, ni kuma ina tsakiya ina asarar jarkoki, ina ganin ni ce mai lura. Har yau in na ga mota da galan a sama, sai na duba ko akwai wata tsohuwa da sanda a kusa. Malamin Gwammaja kuwa yakan bi ta titinmu ranar Juma'a. In ƙarar ta iso tsakar gida, maigidana yakan ɗaga kai, amma ba titi yake kallo ba. Ƙofar ɗakin Hajiya yake kallo.